Motar Iri a Mashigar Larabawa

Na yi shekara talatin da wani abu cikin kakin kwastan, kuma yawancin ranakun sun cakuɗe a kaina, ban iya bambance wannan da waccan. Amma akwai wata Laraba da ta ƙi bin sauran, ranar da na tsinke hatimin gwamnati da hannuna ba da izinin kowa ba. Ku da kuka shigo aikin nan jiya-jiya kuna yawan tambayata ko na taɓa samun takardar tuhuma. Na samu guda ɗaya, tana nan cikin akwatina tare da takardar sallama. Ga yadda aka yi.

A shekarun farin nan ne na farkon saba'in. Ina da igiya biyu a hannu, an ajiye ni a wata 'yar tasha arewa da Sabon Birni: bukka ɗaya, tebur ɗaya, da itacen da muke gittawa a hanya. Mu biyu ne, amma abokin aikina ciwon ciki ya kwantar da shi an kai shi gida, na zauna ni kaɗai. Babbanmu mai anini biyu yana garin Isa, can ne ofis yake. Damina biyu ke nan ruwa yana yaudarar mutane. Rumbuna sun zama ɗakin ɓera, ɓeran ma ya ƙaura. Mata na jiƙa 'ya'yan itacen anza kwana da kwanaki don ɗacinta ya fita, wasu na tonon gidan tururuwa. Abin da ya fi muni, mutane sun cinye irin shukarsu, wanda manomi ba ya taɓawa sai wuya ta kai wuya.

Sai na yi muku bayanin kaya masu wucewa, don wasunku tasha ɗaya kawai suka sani. Maƙwabtanmu na arewa ba su da teku, don haka kayansu ta ƙasarmu suke ratsawa. Irin waɗannan kaya ba a biya musu haraji, tunda ba namu ba ne. A wancan zamani ana rufe mota da tamfol, a zagaye ta da waya, a damƙe bakin wayar da dalma mai tambari. Wannan shi ne hatimi. Aikina in duba dalma, in ga ba a taɓa ta ba, in sa hannu, mota ta wuce. A can ƙetare ma'aikacinsu, wanda suke kira duwan, shi zai fasa ya ƙirga ya maido mana takarda. Idan hatimi ya fasu a wajenmu kuma kaya suka sauka, to sun zama kayan shigowa, sai haraji, sai kuma bincike kan ma'aikacin da abin ya faru a hannunsa.

Tsakanin tashata da dutsen iyaka akwai wata ƙorama mai faɗi, rairayi zalla. Farin ya koro wasu Larabawa makiyaya daga can arewa mai nisa, da ragowar raƙumansu. Zango biyu ne, kowanne da shugabansa: Sidi Hamma, dogo mai farin gemu, da Sidi Lamin, gajere mai saurin fushi. Ɗan wa da ɗan ƙani ne, kuma ba sa ga maciji tun daga ƙasarsu. Da suka zo hakimi ya ba Hamma gaɓar kudu, ya ba Lamin gaɓar arewa, ya ce ruwa ne iyakarsu. Ya yi adalci a ganinsa. Abin da bai tuna ba, fari ake yi: tun zuwansu babu wanda ya taɓa ganin ruwa a ƙoramar nan.

Sun zo da wata al'ada tasu ta hamada. Duk kayan da aka sauke a ƙasar shugaban zango, a canza musu abin ɗauka, yana da ɗaya cikin goma. Fatake sun saba, suna bayarwa suna gunaguni, domin jakuna da shanun ɗauka sun mutu ko an sayar, raƙuman Larabawan nan kaɗai suka rage a tsaye.

Ranar Litinin da hantsi wata babbar mota ta iso. Takardarta ta nuna buhu ɗari da ashirin na irin gero mai saurin nuna, na agaji, ya sauka daga jirgin ruwa a Ikko, ya hau jirgin ƙasa zuwa Ƙauran Namoda, za a kai wa ƙauyukan da ke bayan iyaka. Na duba dalma lafiya lau, na ɗaga itace. Ko rabin awa ba a yi ba sai ga direba ya dawo a ƙasa, hula a hannu. Motar ta kafe a tsakiyar ƙorama, ya matsa mata, ƙarfen ƙafar baya ya karye. Ya ce sabon ƙarfe sai Gusau, in an yi sa'a mako biyu.

Kafin in isa wurin motar, shugabannin biyu sun riga ni, kowa da mutanensa, kowa ya tsaya a gefen da yake kira nasa. Hausarsu ta kasuwa ce amma tana fita sarai.

"Malam Garba," in ji Hamma, "motag ga bisa ƙasata take. Raƙumana za su ɗauka, a sauke, in ɗebi rabona."

Lamin ya ce, "Ƙasar wa? Hancin mota arewa yake kallo. In raƙumin Hamma ya taka nan, sai dai a ɗauki gawa."

Na ce kayan nan na agaji ne, babu mai ɗiban ko ƙwaya. Suka dube ni kamar yaro ya sa baki a zancen manya. Direba ya ja ni gefe ya ce in bar kowanne ya ɗebi nasa a huta. Na ce masa buhu ashirin da huɗu ke nan, kuma takarda ɗari da ashirin ta ce. Hakimi kuwa yana Sakkwato wajen taron yunwa, babu mai raba gardama.

Da azahar wasu mutane suka ɓullo daga arewa, su kusan ashirin, a ƙasa. Manoma ne na ƙauyukan da aka yi wa alkawarin irin, sun ji labari sun taho. Jagoransu wani tsoho ne mai suna Nomau, ƙasusuwan wuyansa duk a waje. Ya zagaya motar, ya sa hanci jikin tamfol ya shaƙa, sannan ya zo ya durƙusa gabana. Na ji kunya ƙwarai, domin a shekaru ya haifi ubana.

"Tashi, Baba, don Allah."

"Ɗana, mu ba abin ci munka zo biɗa ba. Iri na. Dubi gabas." Na duba, akwai ɗan gajimare can ƙasa-ƙasa. "Kwana ukku ko huɗu ruwan shuka za shi hwaɗi. In ya hwaɗi ba mu da abin sa ma ƙasa, shekara ta tahi, mu ma mun bi ta."

Ni ɗan manomi ne daga Bafarawa, ba sai an yi mini fassara ba. Ruwan shuka ba ya jiran kowa. Kuma in ya sauka da ƙarfi, ƙoramar da motar ke ciki za ta kawo, iri ya jiƙe ya tsiro cikin buhu.

Talata da sassafe na hau babur ɗin aiki na nufi Isa. Babbanmu mutumin kirki ne, ba na ɗora masa laifi, amma mutum ne na littafi. Ya saurare ni, ya jawo littafin dokoki, ya laluba da yatsa ya karanta mini. Dokar ta yarda, in mota ta lalace, a juye kaya daga ita zuwa wata kai tsaye, a gaban ma'aikaci, ba tare da an sauke su ba. Sai dai da rubutaccen izini daga Sakkwato.

"Ranka shi daɗe, kwana nawa takarda za ta yi?"

"In ta yi sauri, goma."

"Ruwa ba shi kai goma."

Ya rufe littafi. "Garba, na san taurin kanka. Ni ba ni da ikon sa hannu. In ka taɓa dalmar nan, tuhuma ce. In buhu ɗaya ya yi ƙafa, kakinka ne, wataƙila har da gidan yari. Kana da mata da 'ya'ya biyu."

Na ce na ji, na sara masa na fito. A hanya tsoro ya kama ni sosai, ba za ni ɓoye muku ba. Albashin nan shi ke riƙe da gidanmu duka a shekarar, har da iyayena. Amma wata magana ta littafin ta maƙale mini: ba tare da an sauke su ba. Na ce a raina, ashe dokar gwamnati da ta Larabawan nan uwarsu ɗaya. Duka biyun sauka suke jira.

Laraba bayan sallar asuba na tafi zangon Hamma. Ba a yi wa Balarabe maganar kirki kafin shayi, don haka na zauna na sha kofi uku ina ta satar kallon gabas. Dattawansa na zaune. Sai na ce, "Sidi, ina son ka koya mini al'adarku, kar in yi kuskure. Ayarin da ya ratsa ƙasarka bai sauke kaya ba, mi ne ne naka ciki?"

"Babu. Baƙon Allah na. Gaisuwa da ruwan sha, shi wuce."

"Yaushe ne kaya suka sauka?"

Ya yi dariyar tambayar. Ya buga tafin hannu a kan rairayi. "In buhu ya taɓa nan."

"In bai taɓa ba fa?"

"To bai sauka ba."

Na juya ga dattawa na ce ko sun ji. Suka ce sun ji. Sannan na faɗa masa abin da nake nufi: raƙumi ya durƙusa jikin mota, a ɗauko buhu daga sama a ɗaura masa, ƙasa ba ta gan shi ba. Za a biya ladan ɗauka kamar kullum daga kuɗin hanya da ke hannun direba, amma babu ɗaya cikin goma. Fuskarsa ta canza. Ya ja gemu, domin ya gane ya ɗaure kansa da bakinsa gaban mutanensa.

"Lamin fa?" in ji shi.

"Shi ma ba shi samun ko ƙwaya."

Nan na ga kafaɗunsa sun sauka. A lokacin na fahimci ba geron ne ya dame shi ba kamar a ce ɗan'uwansa ya ci shi bai ci ba.

Na haye gaɓar arewa na sake shan kofi uku. Lamin ya fi wuya. Ya ce wayon 'yan boko ne, ba a taɓa ɗaura wa raƙumi kaya haka ba. Gaskiyarsa ne. Yadda ake yi, ana ajiye buhu biyu a ƙasa, ɗaya dama ɗaya hagu, a ɗaure su da igiya, sannan a ɗaga. Na ce masa Hamma ya yarda, ya ce raƙumansa za su iya, amma in na Sidi Lamin sun gaji ba laifi, sai Hamma ya kwashe duka. Ban ƙarasa ba ya miƙe yana kiran a kawo raƙuma. Allah ya yafe mini, Hamma bai faɗi haka ba.

Muka shirya: gefen kudu na mota raƙuman Hamma, gefen arewa na Lamin, rabi da rabi, kuma kowa ya bar na wani su ratsa. Na tara direba da Nomau da shugabannin biyu su shaida. Na rubuta rana da lokaci a littafina. Na ɗauko filaya, na yi bisimilla na datse wayar. Na sa dalmar a aljihu.

Aikin ya fi yadda na zata wuya. Tunda buhu ba zai taɓa ƙasa ba, sai mutum ya zama ƙasar. Mutum biyu a kan mota suna miƙowa, biyu a kowane gefen raƙumi suna tallafe buhu da kafaɗa da gwiwa har mai igiya ya gama ɗauri. Masu tallafen kuwa manoman Nomau ne, waɗanda rabonsu da tuwo sun manta. Ƙafafunsu na karkarwa, raƙuma na kuka suna juya wuya, samarin zangon biyu kuma sun tsaya da idanu a ƙasa, kowa na jiran buhu ya kuskure. Na cire rigar kaki na rataye a madubin mota na shiga layi. Raƙuman ma yunwa ta ci su, buhu biyu kawai kowanne ke iya ɗauka, sai an je tashar duwan an dawo. Muka yi sawu na farko lafiya, muka yi na biyu.

Wajen la'asar iska ta juyo daga gabas, mai sanyi, mai ƙanshin ƙasa. Saura buhu kaɗan. Na ce wa Nomau ya zauna ya huta, ya ƙi. Yana tallafe da wani buhu sai gwiwarsa ta lanƙwashe. Buhun ya zame ya faɗi tim, bakinsa ya yage, gero ya watsu cikin rairayi.

Samari daga kudu da arewa suka matso. In aka ce kaya sun sauka, ba buhu ɗaya za a yi wa hukunci ba, duka motar ce, kuma faɗan da na kwana biyu ina dannewa zai tashi. Nomau bai dubi kowa ba. Ya cire hularsa ya durƙusa yana tsince gero daga rairayi ƙwaya-ƙwaya, yana hurewa yana zubawa a ciki.

Raina ya ɓaci irin ɓacin da ban taɓa ji ba. Na ɗauko littafina da alƙalami na tsaya tsakiyarsu.

"To, buhu ya sauka, kowa ya gani. Al'adarku ce, ba ni hana ta. Mai ƙasar ga shi matso shi karɓi rabonai daga hular tsohon ga. Shi faɗi sunanai in rubuta, don a san wanda ya karɓa."

Babu wanda ya motsa. Hamma ya dubi tsohon, ya dubi hular. Sannan ya gyara rawani ya ce, "An hwaɗa mini, da can ruwa ta kudu da nan yake bi. Wurin ga na Lamin na."

Lamin ya zabura. "Kwana ukku kana rantsuwa ƙasarka ce, yau ta zama tawa? Ban karɓa ba. Taka ce, ɗan baffana, ka riƙe abinka."

"Ni ban da ita."

"Ni ma ban da ita."

Wani daga cikin manoman ya fashe da dariya, ta yunwa, marar ƙarfi, sai ta kama kowa. Lamin bai yi dariya ba. Ya warware rawaninsa ya shimfiɗa kusa da Nomau, ya durƙusa yana ɗibar rairayi da hannu biyu yana zubawa a kai. Matan zango suka kawo faifai suka sheƙe. Aka mayar da geron, aka ɗinke bakin buhu da basilla. Ni da kaina na bi sawun ƙarshe har tashar duwan. Ya ƙirga ya rubuta ɗari da ashirin, ɗaya ɗinkakke, ya buga tambari. Rana ba ta faɗi ba manoman suka kama hanya, kowa da nasa rabon iri.

Alhamis da rana ruwa ya sauka kamar da bakin ƙwarya. Ƙorama ta kawo, karo na farko tun zuwan Larabawan. Duk muka fito gaɓa mu ga inda iyakar take. Sai ruwan ya zo ya rabu biyu, rabi ta kudu rabi ta arewa, ya bar motar a tsakiya kan tudun rairayi. Hamma da Lamin suka kalli juna daga gaɓa zuwa gaɓa, kowa ya koma tantinsa.

Takardar tuhuma ta zo bayan mako uku, izinin Sakkwato kuma ya biyo ta da kwana biyu. Na amsa da gaskiya, na haɗa da dalmar da takardar duwan. Babbanmu ya rubuta a ƙasa cewa kaya sun isa cif. Ba a kore ni ba, amma an riƙe mini ƙarin girma shekara biyu, abokan shigata suka wuce ni. Ya yi mini ciwo, har yau in na tuna yana yi.

Abin da na koya, kuma nake son ku riƙe: kowace doka, ta gwamnati ko ta gargajiya, akwai abin da aka kafa ta don ta tsare. Ku san littafinku sosai, ku kuma san na mutanen da kuke zaune cikinsu, domin wanda bai san su ba abu biyu kawai ya iya, ya hana ko ya karɓi na goro. Kuma ban ce ku riƙa fasa hatimi ba. Sau ɗaya na yi a shekara talatin, na kuma biya.

Da kaka ta yi, wata safiya ina zaune bakin bukka sai ga Nomau ya ɓullo daga arewa da damin gero a ka. Ya yi ɗan kumari. Ya tsaya gaban itacen, ya yi sallama, ya ƙi saukewa.

"Baba, sauke mana ka huta."

"A'a, ɗana. Hwaɗa mini tukuna, in ya taɓa ƙasa nawa za ka ɗiba?"

Na karɓe shi daga kansa zuwa kaina, bai taɓa ƙasa ba. Shi ne abu ɗaya da na taɓa karɓa a bakin aiki. Ba mu ci shi ba. Mai ɗakina ta rataye shi a rumbu, da damina muka shuka a gonarmu ta Bafarawa. Geron da kuka sha furarsa ɗazu a gidan nan, jikansa ne.